Ku Tambayi Likita: Abin da Jini Ke Faɗa Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Takardar sakamakon gwajin jini tana hana mutum barci. Ana miƙa masa ita a gaggauce ta taga, ya koma gida ya shimfiɗa ta a gabansa, ya ga haruffa da lambobin da bai taɓa gani ba, wasu an ja musu layi, wasu an sa musu tauraro a gefe, kuma babu wanda zai tambaya sai ranar da aka ba shi ta komawa asibiti. Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon yawancinsu daga gidajen da shanyewar ɓarin jiki ta shiga ne, kuma kusan kowace da hoton irin wannan takarda a maƙale. Na zaɓi shida, na gajarta su, na cire sunaye. Maganata ba za ta tsaya a matsayin ta likitan da ya duba majinyacin da hannunsa ba, amma ina fata idan kun koma wurinsa za ku san abin da za ku tambaya.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Mahaifina mai shekara 68 ya faɗi da asuba mako uku da suka wuce, bakinsa ya karkace, hannu da ƙafarsa na hagu suka saki. Aka yi masa hoton kai aka ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Abin da ya ɗaure mini kai, sau uku aka ɗebi jininsa a yini guda don wani gwaji wai shi tiroponin, aka ce ya hau, har aka kira likitan zuciya. Baba bai taɓa kukan ƙirji ba. Ko dai ciwon zuciya ne ya same shi ake ɓoye mana? Daga 'yar da ke jinyar mahaifinta.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ba na jin an ɓoye muku komai. Abin da aka yi masa shi ne abin da ya kamata a yi wa duk wanda aka kawo da toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa.

Tiroponin wani sinadari ne da ke zaune a cikin naman zuciya, yana cikin abubuwan da ke sa tsokar ta matse ta saki. Muddin naman lafiya lau yake, ɗan abin da ke fita cikin jini bai taka kara ya karya ba. Idan ya ji rauni sai ya tsiyayo, kamar yadda tulun da ya tsage ke jiƙa ƙasan da aka ɗora shi. Gwajin yana nuna mana tulu ya tsage, amma wanda ya buge shi sai mun bincika. Da na'urorin yanzu masu kama ko da ɗigo ne, ana samun tiroponin ya haura ƙa'ida a jinin mutum 30 zuwa 60 cikin kowane 100 da suka zo da irin ciwon Baba. Kin ga ashe ba shi kaɗai ba ne.

Wani lokaci tsohon rauni ne. Zuciyar da ta shekara ashirin tana tura jini cikin jijiyoyin da hawan jini ya ƙanƙance, ko mutumin da ƙodarsa ta raunana, kullum za ka iske tiroponin ɗinsa a ɗan sama, yau haka gobe haka. Wani lokaci kuma ƙwaƙwalwar ce da kanta ta ji wa zuciya. Akwai wani lungu a can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira insula, yana cikin masu riƙe da linzamin bugun zuciya. Idan ciwon ya taɓa shi, jiki yakan kwararo sinadaran firgici irin su adiranalin babu ƙaƙƙautawa, su yi wa naman zuciya bulala har ya ji ciwo, alhali jijiyoyinta a buɗe suke. Tun 2018 wasu likitoci a Jamus suka raɗa wa wannan yanayi suna na kansa, wanda ma'anarsa ita ce ciwon zuciyar da shanyewar jiki ta haifar. Sai na ukun, wanda muka fi tsoro: jijiyar zuciyar ce ta toshe da gaske, har ma ta yiwu daga wannan zuciyar da ta jikkata gudan jini ya ɓalle ya hau kai.

Dalilin ɗibar jini har sau uku ke nan. Lamba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, tafiyarta ake kallo. Idan ta tsaya cak daga safe zuwa yamma, tsohon abu ne. Idan tana hawa ko tana sauka da saurin da ya wuce kamar kashi 20 cikin 100, to sabon rauni ne, sai a haɗa da zanen bugun zuciya na ECG da hoton zuciya a ga me ke faruwa. Wani bincike da aka yi a birnin Balin, aka wallafa a 2016, ya leƙa cikin jijiyoyin zuciyar mutum 29 masu shanyewar jiki da tiroponin ɗinsu ya hau. A 7 kawai aka ga sabuwar toshewa. Cikin wasu 29 da ciwon ƙirji ya kawo su, masu irin wannan lamba, an gan ta a 23. Lamba iri ɗaya, labari daban. Kuma bambancewar ba ƙaramin abu ba ne, domin maganin toshewar jijiyar zuciya tsinka jini ne da ƙarfi, ƙwaƙwalwar da ta yi sabon rauni kuwa tana iya zubar da jini idan aka matsa mata.

Maganar cewa bai yi kukan ƙirji ba, kada ki dogara da ita. Ba na mance wani dattijo da na taɓa kula da shi, wanda ciwon ya ɗauke wa magana gaba ɗaya. A dare na biyu ma'aikaciyar jinya ta kira ni ta ce tun ɗazu yake shafa muƙamuƙinsa da hannunsa mai lafiya, ga gumi ya jiƙa matashi alhali ɗakin da sanyi. Idanunsa na bin mu, baki ya ƙi. Muka ɗebi jini, tiroponin ya ninka na safe sau da yawa, ECG ya canza. Da mun jira ya ce ƙirjinsa na ciwo, da har yau muna jira. Masu ciwon sukari da tsofaffi ma, ko bakinsu garau, sau da yawa toshewar zuciya kan zo musu ba zafi.

Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce, waɗanda tiroponin ɗinsu ya hau sun fi sauran fuskantar matsalar zuciya da mutuwa a watanni da shekarun da ke biyo baya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: cutar da ta lalata jijiyar kai ita ce dai ke bin jijiyar zuciya da ta ƙoda da ta ƙafa. Don haka ki tambayi likitansa abu uku: lambar ta tsaya ne ko ta yi ta hawa, me hoton zuciya ya nuna, kuma yaushe likitan zuciya zai sake ganinsa. Idan kika ga numfashi na yi masa wuya in ya kwanta, ko ƙafafu sun kumbura, ko gumi ba dalili, kada ki jira ranar da aka ba ku.

TAMBAYA: Likita, ni shekarata 54. Bara na samu 'yar ƙaramar shanyewa, hannuna na dama ya mutu, amma da gashi da motsa jiki ya dawo, alhamdu lillahi. An ce jijiyar wuyana ta ƙuntata. An ɗora ni a kan atobastatin, maganin rage kolestarol. Gwajin da na yi makon jiya ya nuna LDL 96, kuma a takardar an rubuta cewa ƙasa da 130 daidai ne. Tunda na warke, zan iya ajiye maganin? Na gaji da shan ƙwaya. Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam, na yi murna da dawowar hannunka. Amma don Allah kada ka ajiye maganin nan, kuma ina ganin ƙari ma kake bukata.

Wannan layin da ɗakin gwaji ke bugawa a gefen takarda yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ya yaudari mutane da yawa. Na'urar da ta buga shi ba ta san ka ba. Lamba ɗaya take sa wa saurayi ɗan shekara 25 da bai taɓa ciwo ba, ita kuma take sa maka, kai da jijiyarka ta riga ta nuna halinta. Ga wanda ya taɓa samun toshewa saboda daskarewar kitse a bangon jijiya, abin da ake nema shi ne LDL, wato mugun kolestarol mai daskarewa a jijiya, ya sauka ƙasa da 70. Idan ɗakin gwajinku da ɗaya ma'aunin yake aiki, za ka ga an rubuta 1.8.

Ba da ka aka tsayar da wannan lamba ba. An gwada ta a Faransa da Koriya ta Kudu a kan mutum 2,860 masu irin yanayinka, aka fitar da sakamakon a 2020. Aka raba su biyu: rabi aka nemi LDL ɗinsu ya yi ƙasa da 70, rabi aka bar shi tsakanin 90 da 110, wato daidai inda kake yanzu. Bayan kimanin shekara uku da rabi, cikin kowane 100 na rukunin farko kusan 8.5 ne suka sake gamuwa da shanyewa ko toshewar zuciya ko mutuwa ta wannan hanya, a rukuni na biyu kuwa 10.9. Kafin wannan, a 2006, wani binciken mai mutum 4,731 ya nuna atobastatin mai ƙarfin miligiram 80 ya rage dawowar shanyewa da kashi 16 cikin 100, ya kuma rage manyan matsalolin jijiyar zuciya da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka lura da wannan na ƙarshen. Ƙwayar da aka ba ka saboda kai, zuciyarka ma tana cin moriyarta. A wannan binciken an ga ɗan ƙarin zubar jini a ƙwaƙwalwa ga masu shan maganin, shi ya sa wanda shanyewarsa ta fashewar jijiya ce ake zama a auna masa kafin a ba shi. Taka ta toshewa ce, riba ta rinjayi hasara nesa ba kusa ba.

Yawancin kolestarol ɗin da ke yawo a jininka hantarka ce ke ƙera shi, kuma maganin can yake zuwa ya rage mata hannu. Ranar da ka daina sha, cikin 'yan makonni hanta za ta koma aikinta kamar ba a yi ba. Wannan 96 da kake gani, da maganin aka same ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon jijiyarka kuwa ya riga ya tsage.

Ka kai wa likitanka takardar, ka tambaye shi ko za a ƙara ƙarfin maganin, ko a haɗa maka da ezetimib, wanda ke tare kolestarol tun daga hanji. Duk lokacin da aka canza, a sake gwaji bayan mako 4 zuwa 12. Idan gajiyar da kake faɗa ciwon tsoka ce a cinyoyi da kafaɗu, faɗa masa ƙarara, akwai gwajin jini da ke nuna ko tsoka ta ji rauni, kuma ana iya sauya maka wani nau'in. Fitsarin da ya koma baƙi-baƙi tare da ciwon jiki kuwa na zuwa asibiti ne a ranar.

A takardarka na hango HbA1c 6.1, ba ka tambaye ni a kansa ba amma ba zan wuce shi ba. Wannan gwaji yana nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka gabata. Daga 6.5 zuwa sama ciwon sukari ne, daga 5.7 zuwa 6.4 kuwa mutum yana bakin ƙofa. Kana bakin ƙofa, Malam. Sai dai ƙarancin jini, da sikila da danginta, da ƙarin jini na kwanan nan, duk suna iya karkatar da wannan lamba, don haka idan ɗaya ya shafe ka a tabbatar da gwajin sukari na safe kafin a ci komai.

TAMBAYA: Likita, maigidana ya samu shanyewa wata biyu da suka wuce. An bincika jijiyoyin wuya ba a ga komai ba, ECG ma lafiya. Amma wani gwaji NT-proBNP ya nuna 900. Wata ƙawata ta ce mijinta da ya samu irin wannan ciwo an ba shi maganin tsinka jini mai ƙarfi, mu kuwa asfirin kawai aka ba mu. Ko an yi mana sakaci ne? Daga wata uwargida.

AMSA: Hajiya, sannu da ɗawainiya. Ba sakaci ba ne, amma binciken bai ƙare ba, kuma nan nake so ki sa ƙarfinki.

BNP sinadari ne da zuciya ke fitarwa idan ɗakunanta suka cika suka miƙe fiye da kima, saƙo ne take aika wa ƙoda cewa a rage ruwa da gishiri. Masana a Japan ne suka fara gano shi a 1988, kuma a ƙwaƙwalwar dabba suka same shi, sai daga baya aka gane zuciya ce babbar mai ƙera shi. NT-proBNP guntun da ke ɓallewa ne lokacin ƙirar, ya fi daɗewa a jini, shi ya sa ake yawan auna shi. Tsufa na ɗaga shi, raunin ƙoda na ɗaga shi, ƙiba kuma na danne shi. Saboda haka 900 a jikin ɗan shekara 80 mai ciwon ƙoda daban take da 900 a jikin ɗan 55.

Ga mai shanyewar da ba a gano tushenta ba, hawan wannan lamba yana sa mu zargi wani ɓoyayyen ɓarawo, wato karkarwar ɗakunan saman zuciya. Maimakon su matse su tura jini, sai su riƙa rawar ɗari, jini ya kwanta a wani ɗan aljihu da ke gefen hagu ya daskare, wata rana gudan ya ɓalle ya bi jijiya ya hau kai. Wannan karkarwa tana ninka haɗarin shanyewa kusan sau biyar. Matsalarta, zuwa take ta tafi. ECG na daƙiƙa goma ne kacal, kamar mutum ya leƙa ta taga sau ɗaya ya ce babu kowa a titi. A wani bincike na ƙasar Kanada da aka wallafa a 2014, na'urar da aka ɗaura wa majinyata ta kwana 30 ta kama karkarwar a kusan mutum 16 cikin 100, ta awa 24 kuwa a 3 kawai.

To me zai hana a ba shi mai ƙarfin kawai tunda ana zargi? Likitoci sun yi wannan tunanin, ni ma na yi shi, kuma an gwada. A Amurka da Kanada an ɗauki mutum 1,015 da ba a san dalilin shanyewarsu ba amma akwai alamun ɗakin saman zuciyarsu ba lafiya, ciki har da NT-proBNP sama da 250. Rabi aka ba su afiksaban, ɗaya daga cikin sababbin magungunan tsinka jini, rabi asfirin. Sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna babu bambanci, kashi 4.4 cikin 100 a shekara ne suka sake samun shanyewa a kowane ɓangare, har aka tsayar da binciken kafin wa'adinsa. Zargi bai isa ba, sai an kama karkarwar a rubuce. Idan aka kama ta kuwa, lissafi ya juya gaba ɗaya: maganin tsinka jini yana rage haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku, abin da asfirin ba ya ko kusantarsa. Ina kyautata zaton mijin ƙawarki an kama tasa ne.

Ki nemi a ɗaura wa maigida na'urar sa ido ta tsawon kwanaki, a kuma yi masa hoton zuciya idan ba a yi ba. A gida ki koyi taɓa jijiyar wuyan hannunsa da yatsu biyu na minti ɗaya, safe da dare. Idan kika ji bugun na tuntuɓe ba tsari, rubuta ranar da lokacin, ki kai shi a yi ECG yana cikin yi. Idan har aka kai ga ba shi maganin, za a riƙa duba kiriyatinin don sanin ƙarfin ƙoda, domin da shi ake auna yawan sababbin magungunan. Wafarin kuwa, tsohon maganin tsinka jini, da gwajin INR ake bin sa, ga yawancin mutane ana so ya zauna tsakanin 2 da 3. Kuma kada ki karɓi ko ƙwaya ɗaya daga na ƙawarki.

TAMBAYA: Likita, babu wani gwajin jini da zai nuna nan take ko jijiya ta toshe ne ko ta fashe, a huta da neman hoton kai? Daga wani ɗalibin aikin jinya.

AMSA: Ɗana, ana ta nemansa, akwai sinadaran ƙwaƙwalwa irin su GFAP da ake gwadawa, amma har yanzu hoton CT ko MRI ne ke raba gardama. Gwajin jini ɗaya ne tilas kafin allurar narkar da gudan jini: sukari, na ɗigon yatsa. Faɗuwar sukari tana kwaikwayon shanyewa sak, har da karkacewar baki, kuma cikin mintuna take warwarewa idan aka ba da gulukos. Sauran gwaje-gwajen a ɗebi jinin a aika, amma kada a zauna jiransu sai in akwai dalili, kamar mutumin da ke shan maganin tsinka jini. Ƙa'idar allurar awa huɗu da rabi ce daga lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe, kuma an ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Idan kai ne a bakin ƙofa, fara tambayar ƙarfe nawa aka ga majinyacin lafiya na ƙarshe, ka rubuta.

TAMBAYA: Likita, bayan shanyewar da ta samu mahaifiyarmu, wani ya ba mu shawara muka yi mata gwajin CRP da homosistin, duka sun hau. Yanzu ana ta tallata mana ƙwayoyin bitamin wai suna wanke jijiya. Mu saya? Daga babban ɗanta.

AMSA: Allah ya ƙara wa Mama sauƙi. Ka ba ni dama in rarrabe maka, domin a nan ne ake cin kasuwar masu jinya, kuma abin yana sosa mini rai.

CRP hanta ce ke fitar da shi duk lokacin da wani wuri a jiki ya kumbura ko ƙwayar cuta ta shiga, tun 1930 aka san shi. Ga mutum mai lafiya, ƙasa da 1 haɗarin ciwon jijiya kaɗan ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa. Amma a makonnin farko bayan shanyewa, raunin ƙwaƙwalwar kansa yana ɗaga shi. Idan ya wuce 10, ni ba jijiya nake fara tunani ba. Ƙirjinta nake saurara, domin mai wahalar haɗiya abin da ta sha yakan zarce huhu. Sai in duba fitsari, in juya ta in duba baya da ɗuwawu ko kwanciya ta fara cin fata. Ku fara da nan.

Gaskiya ne waɗanda CRP ɗinsu ya zauna a sama sun fi sake gamuwa da ciwon. Amma da aka gwada maganin kumburi kolcisin a kan masu shanyewa, a bincike biyu da suka fito a 2024, ɗaya a ƙasar Sin mai mutum sama da 8,000, ɗaya a Turai da Kanada mai sama da 3,000, ba a samu tabbacin da zai sa a riƙa ba kowa ba. Homosistin, wani sinadari a jini da ake danganta hawansa da ciwon jijiya, shi ma haka labarinsa yake. Bitamin B suna saukar da lambar a takarda, babu shakka, amma manyan bincike biyu na 2004 da 2010 a kan waɗanda suka riga suka samu shanyewa ba su nuna raguwar dawowarta a fili ba. Hayaƙi ya ragu, wuta na nan.

Inda bitamin ke da amfani na haƙiƙa shi ne idan akwai ƙarancinsa. A auna mata B12, musamman idan ta manyanta ko ta daɗe tana shan metfomin, maganin ciwon sukari, domin ƙarancinsa na kawo dindiris a ƙafa da mantuwa, kuma yana da magani. In ba haka ba, ƙarfinku ya tafi ga maganin hawan jini da na kolestarol, kada su yanke ko na kwana ɗaya.

TAMBAYA: Likita, mahaifina ya samu shanyewa yana da shekara 49, ƙaninsa kuma zuciya ce ta kashe shi yana 46. Ni yanzu 31 nake. Wane gwajin jini zan yi in san ko na gada? Daga wani matashi mai fargaba.

AMSA: Ƙanena, ka yi daidai da ka tambaya tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum biyu a gida ɗaya kafin shekara 50 ba abin da za a kau da kai ba ne.

Ka yi cikakken gwajin kitsen jini. Idan LDL ya kai 190 ko sama, ana zargin wani nau'in hawan kolestarol na gado da ke samun kusan mutum ɗaya cikin 250, wanda ake fara wa magani tun da ƙuruciya, a kuma gwada 'yan'uwa na jini. Sannan ka nemi a auna maka Lp(a). Shi wannan ɗan'uwan LDL ne mai wata jela ta daban, tun 1963 aka gano shi a ƙasar Norwe, kuma kusan gaba ɗaya gado ne ke tsayar da yawansa, shi ya sa ga yawancin mutane gwaji ɗaya ya isa har ƙarshen rayuwa. Daga 50 zuwa sama a ma'aunin miligiram, ko 125 a ɗaya ma'aunin, ana ɗaukarsa ya hau, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya haka nasa yake. Magungunan sitatin, irin su atobastatin, ba sa saukar da shi. Amfanin saninsa shi ne a tsananta wa sauran abubuwan da ake iya juyawa. Ka haɗa da sukari da kiriyatinin, da gwajin fitsari don ganin ko ƙoda na yoyon furotin.

Amma abin da ya fi duk waɗannan nauyi ba a jini ake ganinsa ba. Wani babban bincike da ya ratsa ƙasashe 32, wanda aka wallafa a 2016, ya gano abubuwa goma ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin shanyewa, kuma hawan jini ne a kan gaba. Ka zauna shiru minti biyar, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ka auna sau biyu da safe sau biyu da dare, na kwana bakwai, ka rubuta a takarda. Idan matsakaicin ya kai 135 a kan 85 ko ya wuce, ka kai wa likita takardar tare da sakamakon jinin. Idan kana shan sigari, faɗa masa a wannan zaman, akwai taimakon da ake bayarwa don dainawa. Ka kuma tambayi Baba ko yana da tsofaffin takardun asibitinsa, ka tafi da su.